KIFI MAHARBI DA TARWAƊAR GIDA: AUNA RUWANKA KAFIN KA SAYI KIFI

 

Wataƙila ka taɓa ganin wannan abin mamaki a wayar wani yaro da ya dawo daga ci-rani. Ga ɗan kifi fari fat, mai ratsin baƙi, cikin akwatin gilashi. Ga ƙwaro a kan ganye, can sama da ruwa. Kifin ya matso a hankali, ya fid da ɗan bakinsa, ya tsarto ruwa kamar kibiya. Ƙwaro ya faɗo, kifi ya cafe. Wanda ya gani sai ya ce, "Kai! Ina ma in samu irinsa in ajiye a gida."

To, ɗan'uwa, yau za mu ba ka labarin wannan kifi, da yadda masu ajiye shi suke kula da shi. Sa'an nan mu dawo gida, mu duba kifin da ya dace da ruwanmu da aljihunmu. Ka karanta a tsanake. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.

WANE NE KIFI MAHARBI?

Ba kifin ƙasarmu ba ne. Masana suna kiransa Toxotes jaculatrix, mu kuwa bari mu ce masa kifi maharbi. Gidansa bakin teku ne, daga Indiya zuwa Indunusiya har arewacin Ostareliya. Yana zaune inda kogi yake haɗuwa da teku, a ƙarƙashin itatuwan da suke tsirowa cikin ruwa. Ruwan wurin ba ruwan daɗi ba ne irin na rijiya, ba kuma na teku sosai ba ne. Tsaka-tsaki ne, mai ɗan gishiri.

Tsawonsa yakan kai santimita 20, wani ma har 30. Yana da ratsin baƙi huɗu ko biyar a jikinsa. A rufin bakinsa akwai ɗan kwari siriri. In zai yi harbi, sai ya danna harshensa a wannan kwari, ya zama kamar bututu. Sa'an nan ya matse marufan kunnuwansa da ƙarfi, ruwa ya fita. Yana iya kakkaɓo ƙwaro daga nisan mita guda, har fiye. In ƙwaron yana kusa, ba ya ma ɓata ruwa, tsalle yake yi ya kama.

Idonsa ma abin mamaki ne. A shekarar 2016 masana na jami'ar Oxford ta Ingila da na jami'ar Queensland ta Ostareliya sun gwada wani ɗan'uwansa na kusa. Sun koya masa fuskar mutum guda a hoto, ya riƙa gane ta cikin wasu fuskoki 44, yana tsarta mata ruwa.

Masu ajiye shi a gida ba don ci suke yi ba, don kallo ne. Amma dubi wahalar da suke sha. Sai sun nemi babban akwatin gilashi mai cin lita ɗaruruwa. Ba sa cika shi, suna barin fili a sama don harbi, su kuma rufe don kada kifi ya yi tsalle ya faɗo. Suna zuba gishirin teku na musamman, suna auna shi da ma'auni. Suna sa injin tace ruwa, wanda yake aiki da lantarki dare da rana. Ruwan kuma ya zauna da ɗumi, daga digiri 25 zuwa 30. Suna ajiye kifin huɗu ko biyar tare, masu girma ɗaya, domin ba ya son zaman kaɗaici, babba kuma yana cin zalin ƙarami. Abincinsa ƙwari ne, irin su gyare da ƙuda da tsutsa.

Ka ga ke nan, ko kyauta aka ba ka shi a Kanambakashe ko a Urafan, ba zai daɗe ba a ruwan randa. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, in ji masu magana. Amma akwai darasin da ya bar mana, kuma shi ne kan maganarmu ta yau: kowane kifi da irin ruwansa. Mai kiwon kifi, ruwa yake kiwo. In ruwa ya gyaru, kifi ya gyaru. In ruwa ya ɓaci, dukiya ta tafi a dare ɗaya.

KIFIN DA YA DACE DA MU

Ƙasarmu ba ƙasar kogi ba ce. Gulbin Kaba kwari ne na goriba da kaba, ba ruwa mai gudu shekara duka ba. Daminarmu wata uku ce, in ta yi kyau huɗu. Yawancin tabkunanmu suna ƙafewa kafin bazara. Babban tabki mai masunta, irin na Madarunfa, yana can kudu da Maraɗi. A garuruwa da yawa rijiya tana da zurfi, kowa ya san wuyar jan guga.

Duk da haka Allah ya ba mu kifaye masu haƙuri. Dubi gaiwa. In tabki ya ƙafe sai ta shige cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, ta kwanta har ruwan sabuwar damina ya tashe ta. Dubi kuma tarwaɗa. A cikin kanta, bayan kunnuwa, tana da wani abu mai rassa da take shaƙar iska da shi. Shi ya sa kake ganin tana leƙowa sama tana haɗiyar iska. Shi ya sa kuma take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta jure ba. Tana cin kusan kome, tana girma da sauri, ba ta da ƙaya da yawa, tana kuma yin kyau a banda.

Saboda haka wanda yake son ya fara kiwon kifi a cikin gida, ba tare da inji ba, ba tare da lantarki ba, to tarwaɗa ce abokiyar tafiyarsa.

FARA DA LISSAFIN RUWA

Ga inda mutane da yawa suke faɗuwa. Mutum ya sayar da wake da kaka, ya gina kwami, ya sayo ƴaƴan kifi 300. Wata biyu kome lafiya. A wata na uku kifi ya girma, kashinsa ya yi yawa, ruwa ya fara wari. Pampon gari ya lalace kwana uku. Ya tashi da safe ya tarar da fararen cikuna a saman ruwa. Kuɗin wake ya tafi, ga bashin mai siminti. Ba kifin ne ya cuce shi ba, lissafin ruwa ne bai yi ba.

Ɗauko alƙalami mu yi tare.

Kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Ba a cika shi har baki. A tsaya a santimita 80. Wannan ruwa lita 1,600 ke nan. Watau bido 64 mai lita 25, ko kuwa tano 8 mai lita 200.

Kowane kwana biyu za ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu, ka zuba sabo. Watau lita 400, bido 16, ko tano 2. In kifi ya girma, a wata biyu na ƙarshe, kullum za ka yi haka. Cikin wata shida za ka ɗebo tano fiye da 200.

Yanzu tambayi kanka tsakani da Allah. Ina zan samu wannan ruwa? Nawa ne kuɗin bido a pampon garinmu? Wa zai ɗebo? In uwargida da yara ne za su ƙara wannan a kan ruwan sha da na dabbobi, ka yi shawara da su tun kafin ka sayi bulo ko ɗaya. In kana da amalanke da jaki, ko garkarka tana da rijiya, to aikin ya zo da sauƙi. In ruwan sha ma da ƙyar ake samu a garinku, ka haƙura da kwami. Haƙurin nan ba hasara ba ne.

A kwami irin wannan, mai koyo ya zuba kifi 50. Kada ka ji an ce wane ya zuba 200. Wane yana da rijiyar burtsatse a ƙofar gida.

GINA KWAMI

Ka gina shi a inuwa, ko ka yi masa rumfar zana. Ranar Afrilu da Mayu tana dafa ruwa marar zurfi. Kada ka sa shi a gindin itacen da yake zubar da ganye da yawa, ganyen yana ruɓewa cikin ruwa.

Ƙasan kwami ya ɗan gangara gefe guda. A nan za ka sa bututun zubar da ruwa, domin dattin da ya kwanta a ƙasa shi ne ya kamata ya fara fita. Bakin bututun ka sa masa raga.

Sabon siminti guba ne ga kifi, yana ƙone masa fata. In gini ya bushe, ka cika shi da ruwa, ka bari mako guda, ka zubar, ka wanke ba tare da sabulu ba. Ka sake yin haka sau biyu. Sa'an nan ka gwada da kifi biyu ko uku. In sun kwana uku lafiya, to kwami ya nuna.

Ka yi masa murfi na waya mai ƙarfi, mai makulli. Dalili uku ne. Tarwaɗa tana tsalle, musamman daren da ake ruwa. Kyanwa da tsuntsaye suna ɗauka. Na uku kuwa ya fi duka nauyi: ruwa mai zurfin santimita 80 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe ko mai tatata. Kada a bar kwami a buɗe ko na ɗan lokaci. Kifi ana sake saye, ɗa ba a sake shi.

Ga wani gargaɗi. Kada ka rufe kwami da gidan sauron da ake rabawa a likita. An jiƙa shi da maganin kashe sauro, maganin nan kuwa ko kaɗan ya shiga ruwa yana kashe kifi. Kada a wanke gidan sauro kusa da kwami. Haka nan bokitin da aka dama maganin feshin wake a ciki, kada ya taɓa ruwan kifi har abada.

SAYEN ƳAƳAN KIFI

Ka nemi shawarar ma'aikatan ruwa da gandun daji na Tasawa ko na Mayahi. Sha'anin kifi yana hannunsu, za su nuna maka inda ake ƙyanƙyasar iri mai kyau. Ka sayi masu tsawon yatsa ko fiye, masu kuzari, marasa rauni a jiki. Ƙanana ƙwarai sun fi araha, amma sun fi mutuwa.

Su zama masu girma ɗaya. Tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta. Babba guda cikin ƙanana yana iya rage maka su da yawa, kana ta zargin yaran maƙwabta. Kowane mako biyu, a wata biyu na farko, ka duba. Wanda ya zarce sauran ka fid da shi, ka sa shi a rabin tano shi kaɗai.

Ka ɗauko su da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. In ka iso gida kada ka juye su nan take. Ka ɗora ledar ko bidon a cikin ruwan kwami kamar minti 20, kana ɗan zuba ruwan kwami a ciki kaɗan-kaɗan, har zafin ruwan biyu ya daidaita. Sa'an nan ka karkata, su fita da kansu. Ranar nan kada ka ba su abinci.

In ruwan pampon birni ne mai warin magani, ka tara shi a tano ya kwana a buɗe kafin ka zuba.

ABINCI

Tarwaɗa mai cin nama ce. Dussa ita kaɗai ba ta gina ta, sai dai ta ɓata ruwa. Abincin kanti na kifi, mai ƙwaya-ƙwaya, shi ya fi saurin ƙiba, kuma yawanci a buhu mai kilo 15 yake zuwa. Da abinci mai kyau, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana ba da kilo ɗaya na kifi. Kifi 50 za su ci wajen buhu uku kafin su isa kamu. Wannan shi ne babban kashin kuɗin kiwon, ya fi kuɗin ƴaƴan kifin nesa. Ka tanade shi tun farko. Kifin da aka bari da yunwa a wata na huɗu, ƴan'uwansa zai koma ci.

Kana iya rage kuɗin da abin da ke kewaye da kai:

1. Gara da shinge, musamman a farkon damina.
2. Fara, amma ba ta gonar da aka yi wa feshi ba.
3. Tsutsar ƙuda. Ka wanke ta kafin ka zuba.
4. Tunkuzar gyaɗa da garin busasshen kifi da ɗan dussa, a kwaɓa da ruwan zafi, a murza ƙanana, a shanya. Tunkuzar da ta yi fumfuna a zubar, tana lalata hanta.
5. Jinin mahauta da kayan cikin kaji, amma sai an dafa.

Sau biyu a rana, safe da yamma, a wuri guda, a lokaci guda. Ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan kana kallo. In sun daina rububi, ka tsaya. Abin da ya nutse ba a ci ba, shi ne yake zama guba gobe.

Ga lissafin mai sikeli. Ka kama kifi 10 ka auna. In sun yi kilo 1, to 50 sun yi kilo 5. A wannan girma ana ba su wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinsu a rana, watau giram 150. Rabi da safe, rabi da yamma.

KA KOYI KARATUN RUWA

Yadda ka koyi karanta baƙaƙe a allo, haka za ka koyi karanta ruwa. Kowace safiya, kafin ka tafi gona, ka tsaya minti biyar a bakin kwami.

Ruwa mai ɗan kore-kore, ba wari, kifi yana rububin abinci: lafiya lau.

Ruwa ya yi baƙi ko fari kamar tsari, yana kumfa, yana wari: ruwa ba ya tsami banza. Abinci ya yi yawa, ko canji ya yi jinkiri.

Kifi ya tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, ya ƙi abinci: yana cikin wahala. Nan da nan ka zubar da rabin ruwa, ka zuba sabo. Ka hana abinci kwana ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa, mugun ruwa kuwa yana kashe ta a dare ɗaya.

In ka ga gyambo ko farin tabo a jiki, bayan canjin ruwa ka narka gishirin miya kilo 2 ka zuba a kwamin. Wanda ya mutu ka fid da shi maza, ka binne. Kada ka sayi kafso a tebur ka zuba wa kifi. Ɓarnar kuɗi ce, kuma maganin yana komawa cikin mai cin kifin. In mutuwa ta ci gaba, ka je wurin ma'aikata.

Ruwan da ka zubar kuwa kada ya tafi banza. Taki ne. Ka ja masa ƴar hanya zuwa gindin zogale, ko fangalin yakuwa, kuɓewa da tumatir. Da haka bido ɗaya ya yi aiki biyu. Amma kada ka bari ya kwanta a tsakar gida ko a lungu, sauro zai samu wurin haihuwa.

WANE LOKACI YA FI?

Tarwaɗa tana son ɗumi. Da sanyin hunturu, a Disamba da Janairu, cinta yana raguwa, girmanta yana tsayawa, ƙanana kuma suna mutuwa. In sanyi ya same ka da kifi a kwami, ka rufe shi da zana da dare, ka rage abinci, ka ba su sai rana ta ɗaga.

Shawararmu ga mai farawa ita ce: ka gina kwami da rani, lokacin da kuɗin kaka yake hannu, ka kuma ware kuɗin abinci tun sa'an nan. Ka zuba kifi a watan Yuni, da faɗuwar damina. Ruwa ya samu, ƙwari sun yawaita. Ka kama a ƙarshen Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. Sai dai ka tuna lokacin noma ne. Ka sa mutum guda a gida wanda aikin kwami yake wuyansa. Mata da yawa da suka saba da turkar tumaki za su iya wannan fiye da maigida, domin suna gida, kuma idonsu yana kan abin da suke kiwo.

RANAR KAMU

Da abinci mai kyau da ruwa mai kyau, cikin wata shida tarwaɗa takan kai rabin kilo zuwa kilo guda. A ce biyar sun mutu, 45 sun rage, kowace giram 700. Kilo 31 da rabi ke nan.

Kafin ka kama, ka nemi mai saye, ku yi ciniki. Ka hana abinci kwana guda. Kada ka kwashe duka rana ɗaya in ba ka da kasuwa, domin kifin da ke cikin ruwa ba ya ruɓewa. Wanda ya rage ka yi bandarsa da wuta marar ƙarfi har ya bushe sarai. Ka yi hankali da ƙayar da ke gefen kunnuwanta, sukarta tana da zafi.

Kuma kada ka sayar duka. Kifi abinci ne mai gina jiki ga yaron da aka yaye, da mai ciki, da mai goyo. Tarwaɗa guda a miyar kuka, an cire ƙaya an marmasa wa yara, riba ce ko da ba ta shiga aljihu ba.

LITTAFINKA

A nan karatunka zai yi maka rana. Ka sayi ɗan littafi, ka ja layi huɗu: kwanan wata, abin da na kashe, abincin da na ba su, kifin da ya mutu. Ka rubuta kuɗin siminti, da na ƴaƴan kifi, da na kowane buhu, da na kowane tanon ruwa. Ranar kamu ka rubuta kilo nawa ka samu, jika nawa ka karɓa. Ka ɗebe wannan daga wancan.

Gaskiya ita ce, kifi 50 ba za su sa ka yi arziki ba. A zagayen farko kuɗin gini zai iya cinye ribar. Amma makaranta ce mai arahar kuɗi. In littafi ya nuna maka riba a zagaye na biyu, ka ƙara kwami. In ya nuna hasara, ka duba wane layi ne ya cinye ta, ruwa ko abinci. In ruwa ne, to ku haɗu ku biyar ko goma ku yi kwami guda a bakin rijiyar garka. In kuwa garinku yana da tabkin da yake daɗewa da ruwa, ku je wa maigari da ma'aikata da maganar zuba masa iri, a kafa kwamitin tsaro, a sa ranar kamu.

Kifi maharbi, ka ci gaba da kallonsa a waya, ka yi tasbihi ga Wanda ya halicce shi. In ka tashi yin naka kiwon, ka fara ƙirga bido kafin ka ƙirga kifi.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana da hannunsa abin da ya gani, daɗi ko wuya, domin sauran ƴan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu da dukiyarmu. Amin.